Yadda Za Ka Zaga Birnin Kano a Yini Ɗaya, Daga Dutsen Dala Zuwa Teburin Mai Tsire

Masu karatu da biki ko saro kaya ko hutun makaranta ke kawowa Kano sun sha turo tambaya iri ɗaya: idan yini ɗaya tak gare ni, ina da ina zan je, kuma da wanne zan fara? Abu uku ne ke juya yinin baƙo a garin nan: zafin rana, lokutan sallah da cunkoson hanya. Wanda ya hau Dala da azahar, ko ya shiga Kurmi da sassafe kafin a buɗe rumfuna, ko ya isa gidan tarihi bayan an tashi daga aiki, wahala kawai zai sha ya koma masauki da ciwon ƙafa. Jerin da ke ƙasa an tsara shi ne a kan waɗannan ukun.

Mataki na 1: Zaɓen rana

Litinin zuwa Alhamis su ne ranakun wannan zagaye. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa na gwamnati ne, kuma a ranakun aiki ne ka fi samun ma'aikacin da zai bi ka ɗaki-ɗaki yana bayani. Ranar Juma'a tun da hantsi hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci suke cika, 'yan kasuwa su rufe su tafi sallah, don haka rabin yini ne a hannunka.

Hattara: Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce, ana hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Idan ka sa zagayenka a ranar, hawan Dala da sanyin safiya ya kuɓuce maka.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu gari ya fi daɗin yawo, sai dai hazo kan rufe hangen nesa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, sai ka tsawaita hutun rana. A watan Agusta laka da ruwan kwata kan ɓata lungunan cikin birni. Watan azumi da ranakun hawan sallah kuwa tsarinsu daban ne, wannan jagorar ba ta shafe su ba.

Mataki na 2: Kuɗi, kaya da abin hawa

Farashi na tafiya da kuɗin mai, abin da aka biya watan jiya ba shi za a biya gobe ba. Dabarar da ta fi ita ce ka raba abin da ka ware gida goma: uku na abin hawa, biyu na ci da sha, ɗaya na kuɗin shiga da ihsani, huɗu na tsaraba. Kason tsaraban nan ka ajiye shi a aljihu daban, domin shi ne ke cinye sauran idan aka shiga Kurmi. Ka ciro tsabar kuɗi wurin mai POS tun daren jiya, ka nemi canji na naira 200 da 500 da yawa. 'Yan kasuwa na karɓar tiransifa, amma idan sabis ya ɗauke a tsakiyar lungu sai ka tsaya jiran alat kai da mai kaya.

Kaya kaɗan suka isa: takalmi mai rufi wanda ba ya santsi kuma yana da sauƙin cirewa, hula ko lema, gorar ruwa, leda ɗaya ta saka takalmi a masallaci, da jaka mai zif da za ka rataya ta gaba. Mata su zo da wadataccen mayafi ko hijabi, maza su bar gajeren wando a masauki.

An hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin Kano tun 2013, saboda haka adaidaita sahu ne abin hawanka. Hawan kujera-kujera ya fi araha, amma yana buƙatar wanda ya san sunayen unguwanni. Baƙo gara ya ɗauki shatar adaidaita guda na yini. Kafin ku tashi ku yanke magana a kan abu huɗu: wuraren da za a je, wa zai sayi mai, jira a kowane wuri yana cikin kuɗin ko a'a, da lokacin sallama. Ka ba da rabi da safe, ciko da dare. Ka tambayi mai masaukinka abin da ake biya kafin ka fara ciniki, in da hali ma shi ya haɗa ka da direban da ya sani.

Hattara: ka ɗauki hoton lambar da ke jikin adaidaitan ka tura wa wani naka. Kuma kada ka riƙa danna waya kana zaune a gefen ƙofa, musamman a danja ko cikin cunkoso. A nan masu ƙwacen waya suka fi cin kasuwarsu.

Mataki na 3: Dutsen Dala, 6:30 zuwa 7:30

Ka fito bayan sallar asuba, gari na fara wayewa. Akwai matakalar siminti daga gindin dutsen har sama, mai matsakaicin ƙarfi zai haye cikin minti goma tare da hutawa sau ɗaya ko biyu. Ka yi wa dattawan da ke zaune a gindin dutsen sallama kafin ka fara hawa. Yara za su biyo ka suna ba ka labarin Barbushe da Tsumburbura, ka zaɓi ɗaya ka ce shi ne ɗan rakiyarka, in ba haka ba duk wanda ya buɗe baki zai jira sallama.

Amfanin fara zagaye da Dala shi ne taswirar gari za ta zauna maka a ka. Ka nemi koriyar ƙubba da hasumiyoyi biyu na babban masallaci, gidan sarki na dab da su. Ɗan'uwansa Goron Dutse yana can ta yamma. Ka bi layin da ragowar badala ta bi da ido, za ka gane inda birni ya tsaya, waje ya fara.

Hattara: saman dutsen shimfiɗaɗɗe ne amma gefensa na zaizayewa, kada yaro ya saki hannunka. Kana hango tsakar gidajen mutane daga sama, kada ka juya kyamara can. Kuma kada ka mayar da hawan nan zuwa bayan magariba, ko ka hau kai kaɗai.

Mataki na 4: Karin kumallo

Kana saukowa za ka tarar masu koko da ƙosai da masu waina sun kafa tanda a bakin layi. Waina biyar ko shida da miyar taushe, ko da ƙuli da yaji, za su riƙe ka har azahar. Ka zaɓi wadda ake ɗebowa daga tanda a gabanka. Mai son shayi da burodi da wainar ƙwai ma teburin mai shayi ba ya wuyar samu.

Idan kana son tarihin siyasa, Gidan Mumbayya na Gwammaja bai da nisa da nan. Shi ne gidan Malam Aminu Kano, inda aka binne shi a 1983, yanzu kuma cibiya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Minti 30 sun isa, amma ka sani daga lokacin zuwa marinar Ƙofar Mata ka ɗebe su.

Mataki na 5: Marinar Ƙofar Mata, 9:00 zuwa 10:15

Karofin nan, wanda ake lissafa kafuwarsa daga 1498, yana kusa da Asibitin Murtala. Da safe ake zuwa saboda dalili biyu: lokacin ne marina ke bakin aiki, kuma idan ka ba da rini yanzu kana iya karɓa da yamma.

Ka shiga da "sannunku da aiki", ka nemi babba a cikinsu ka gaya masa abin da ya kawo ka. Ku daidaita ihsanin zagayawa da na ɗaukar hoto tun kafin ka ɗaga waya. Daga nan ka tsaya bakin rijiyar rini guda ka kalli aikin sosai. Ruwan da ke ciki haɗin toka ne da busasshen baba (tsiron da ke ba da shuɗi) da katsi (ragowar tsohon rini da aka ƙona), an bar shi ya tsima ana motsawa har kumfa ta taso a kansa. Marini zai tsoma farin yadi, ya juya shi a ciki, ya ɗago. Da farko za ka gan shi kore-kore, yana shan iska sai ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka. Haka zai yi ta tsomawa yana ɗagowa. Yawan tsomin ne ke bambanta shuɗi mai haske da mai duhu, shi ya sa mai duhu ke cin sa'o'i kuma ya fi tsada. Zanen da kake gani a jikin yadin kuwa ɗauri ne da ɗinki da aka yi tun yana fari, galibi aikin mata a cikin gida, sai bayan rini a warware. Kafin ka fita ka leƙa mabuga, inda ake shimfiɗa riga a kan gungume ana dukanta da manyan itatuwa har ta ɗau ƙyalli.

Idan za ka ba da naka yadin, ya zama na auduga zalla kuma wankakke. Yadin roba ba ya kama baba, sitacin sabon yadi kuma yana sa rini ya fito dabbare-dabbare. Ka nuna kalar da kake so a jikin wani yadi da ke rataye, kada ka tsaya ga faɗa da baki. Ka ba da kafin alƙalami, ka karɓi lambar waya, ku tsayar da lokacin karɓa.

Hattara: bakin rijiyoyin daidai yake da ƙasa, zurfinsu ya wuce tsayin mutum, wasu ma ba a rufe suke ba. Kada ka ja da baya kana neman hoto. Sannan ja da kore da rawaya da ake sayarwa a wurin galura ce, baba shuɗi kaɗai yake bayarwa. Ba laifi ba ne saye, amma ka san abin da ka biya.

Mataki na 6: Gidan Makama, 10:30 zuwa 12:00

Yanzu rana ta fara cizo, lokacin shiga ginin ƙasa mai sanyi ya yi. Gidan yana kan hanyar fada, kusa da gidan sarki, kuma tun ƙarni na 15 aka gina shi, zamanin Muhammadu Rumfa. Ka biya kuɗin shiga ka karɓi tikiti, ka tambayi ko ɗaukar hoto na da nasa kuɗin. Ka nemi a haɗa ka da mai bayani. Mutane da yawa kan ƙi don gudun ɗan abin da za su bayar, su fito cikin minti 15 suna cewa ba komai a ciki. Tsoffin ƙyauren ƙofofin gari, da taswirar ganuwa, da hotunan zuwan Turawa a 1903, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da ɗakin amarya da jerensa, kowanne sai an warware maka labarinsa yake armashi.

Ka riƙa ɗaga kai. Rabin abin kallon gidan yana cikin ginin kansa: rufin azara, da bakan gizo da ɗaurin guga da aka tayar da ƙasa ba ƙarfe ba siminti, da kaurin bangon da ke hana zafi shiga.

Hattara: wasu ƙofofin gajeru ne, ka sunkuya. Kada ka jingina da bango ko ka shafa kayan da aka baje.

Mataki na 7: Ƙofar Kudu da sallar azahar

Daga Gidan Makama da ƙafa za ka taka zuwa filin Ƙofar Kudu, inda ake Hawan Daushe. Kallon ƙofar da filin daga waje ba ya buƙatar izini, shiga cikin fada kuwa sai an nema tun kafin ranar ta hannun ma'aikatan masarauta. Za ka ga dogarai cikin ja da kore. Ka gaishe su da "ranka ya daɗe", ka tambaya kafin ka ɗauki hoto, jami'an tsaro kuma kada ka ɗauke su sam. Zancen sarauta da siyasarta ba na baƙo ba ne a wannan fili.

Ka yi azahar a babban masallaci, wanda gininsa na yanzu ya tashi a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ledar da ka zo da ita ta takalminka ce, ka shiga da shi ka ajiye a gabanka.

Mataki na 8: Abincin rana da hutu

Wanda ya zo Kano bai ci garau-garau ba da sauransa: shinkafa da wake, mai da yaji, albasa da ɗan latas, wani lokaci da soyayyen kifi ko ƙwai. Mai son abu mai nauyi ya nemi tuwon shinkafa miyar kuka ko taushe, ko dambu, ko ɗanwake. Direbanka ya fi kowa sanin inda ake layi, ka ce ya kai ka inda shi yake ci, ka saya masa nasa. Inda ake layi tukunya ba ta kwana.

Hattara: yajin Kano ba wasa ba ne, ka ce "Hajiya, a zuba min a gefe". Idan cikinka ba ya jure baƙon ruwa, ka bar ɗanyen ganye da duk abin shan da aka jefa wa ƙanƙara. Fura da nono a kan tuwo kuma barci ne, ka ajiye ta sai yamma. Ka zauna a inuwa har ƙarfe 2:30.

Mataki na 9: Gidan Ɗan Hausa, 2:45 zuwa 3:45

Za ka fita ta Ƙofar Nasarawa zuwa unguwar Nasarawa. Gidan Hanns Vischer ne, Baturen da Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a nan a 1909. Yau yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar. Zanen da ke fuskar ginin shi ne abin da za ka fi daɗewa a gabansa. Idan lokaci ya ƙure maka a wani mataki, wannan ne za ka tsallake, don isa bayan ƙarfe 4 asarar kuɗin mai ce.

Mataki na 10: Kasuwar Kurmi, bayan la'asar

An bar ta ƙarshe da gangan: rana ta yi sanyi, kowace rumfa a buɗe take, kuma ba za ka yini da kaya niƙi-niƙi ba. Adaidaita ba ya shiga lungunanta. Ka tambayi sunan bakin da aka sauke ka, ka riƙe shi, don ciki kamar saƙar gizo yake. Kaya iri ɗaya a layi ɗaya suke: masu takalma da jakunkuna da tim-tim na fata, masu huluna, masu ƙwarya da ludayi da faifai, masu turaren wuta da lalle da kwalli, masu allo da carbi da littattafan addini, masu sirdi da linzami da likkafa, masu kimba da masoro da kanumfari.

Ka fara zagayawa hannu a aljihu na minti 20, kana tambayar kuɗin abu ɗaya a rumfa uku. Sannan ka dawo ka zauna ciniki. Ga yadda yake tafiya. Ka yi sallama, ka ce "Alhaji, ya kasuwa?", ka ɗauki abin ka duba, ka tambayi kuɗinsa. Zai faɗi nasa ya ce ka taya. Ka taya ƙasa sosai amma ba tayin wulaƙanci ba, wajen rabi ya isa mafari. Zai ce "albarka". Ka ƙara kaɗan, ya rage kaɗan. Idan kuka tsaya cik, ka yi godiya ka miƙe. In akwai sauran ragi zai kira ka, in bai kira ba to ka zo kusa da gaskiyar farashin. Sayen abu uku a hannun mutum ɗaya ya fi kawo ragi a kan yawo rumfa-rumfa.

Hattara: kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye. Da zarar ya ce "na sallama, kawo kuɗi", janyewa abin kunya ne. Wanda ya tare ka a bakin kasuwa ya ce zai raka ka, la'adarsa na cikin kuɗin da za a faɗa maka, don haka ko ka yanke masa ladansa tun farko ka yi cinikinka da bakinka, ko ka ba shi haƙuri. Kayan fata ka shinshina, wanda jimarsa ba ta yi ba yana ɗoyi kuma warin ba ya fita. Ka ja ɗinkin ka gani ko zare ne ko gam. Mai fita ƙasar waje ya guji fatar mesa da ta kada, ana ƙwace su a filin jirgi.

Ka fito kafin kiran magariba. Jakara na gefen kasuwar, nan ne matattarar gurasa, ka sayi ta dare tun da ɗuminta.

Mataki na 11: Karɓar rini da sayen kilishi

Ka kira marinin kafin ka taso. Ka warware yadin gaba ɗaya ka duba shi da sauran hasken rana kafin ka cika kuɗi. Daga nan ka ce direba ya biya da kai Agadasawa wurin masu kilishi. Za a ba ka ɗanɗano, ka karɓa. Mai kyau busasshe ne, yana karyewa, labunsa ya kama jikin naman ba ya zuba, ba kuma warin tsohon mai. A naɗe maka a takarda. Idan aka ƙulle shi a leda da sauran danshi, kafin ka isa gida ya yi fumfuna.

Mataki na 12: Abincin dare

Bayan isha'i teburan masu nama ke ci, kuma titin Gidan Zoo na cikin wuraren da ba a rasa su. Tsire da tsinke ake lissafa shi, balangu kuwa da kuɗin da ka faɗa ake yanka maka. Ko wanne ka zaɓa, ka ce a mayar da shi kan wuta a gabanka. Ka miƙa gurasarka a yi maka bandashe: a ɗan jiƙa ta ta yi laushi, a barbaɗe ta da garin ƙuli da yaji, a yaryaɗa man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir a kai. Yanzu ne lokacin furar da ka ɗaga tun rana, ko shayi mai kauri.

Hattara: a 2022 gwamnatin jihar ta sa dokar hana adaidaita zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare, don haka ka tashi da wuri yadda direban zai sauke ka ya kuma isa gidansa. Ka cika masa kuɗinsa a ƙofar masauki.

Wurin haɗa kaya, rinin ya shiga ledarsa shi kaɗai, nesa da fararen tufafi, domin sabon baba yana zuba. Wankinsa na farko da na biyu a yi shi daban da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Kilishi kuma ya hau saman jaka, don maiƙonsa na ratsa takarda.